Rigar Shan Iska da Hannun Mai Ita

Idan watan Afrilu ya kama, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafin rana kan haura digiri 40, kuma dare ma ba ya kawo wani sauƙin a-zo-a-gani. A irin wannan lokaci ne mace take gane rigunan da suke nata na gaskiya a cikin akwati. Leshin da aka kashe wa kuɗi a bikin bara yana nan a ninke, shaddar nan mai sitati ma haka, abayar roba kuwa ko kallonta ba a son yi. Hannu sai ya yi ta komawa kan riga biyu ko uku waɗanda suka sha wanki har suka yi laushi, a cire wannan a wanke, a sa waccan. Akwai matan da suka lura da haka, suka ce me zai hana su zauna su ɗinka wa kansu irin waɗannan riguna tun kafin zafin ya iso. Su nake son in yaba, domin abin da suka iya ya fi ƙarfin yadda ake ɗaukarsa.

Wanda bai taɓa riƙe almakashi ba zai ɗauka babu ɗinkin da ya kai rigar shan iska sauƙi. Ba ta da aiki a wuya, ba ta da duwatsu, ba ta da shafi, wani lokaci ko zif babu. Amma rashin adon nan shi ne wahalarta. A rigar biki, idan wuya ya ɗan karkace aiki zai rufe shi, idan ɗinkin ciki ya yi kaca-kaca shafi zai ɓoye. A rigar bazara komai a fili yake, kuma jiki ne alƙali. Ɗinkin da ya yi kauri zai ci fata idan gumi ya zo, hammatar da ta matse za ta jawo ƙurajen zafi, wuyan da ya buɗe baki zai sa mace ta wuni tana gyara shi.

Aikin yana farawa tun daga kasuwa. Gwana idan ta shiga Kantin Kwari a Kano, ko wata rumfar yadi a garinsu, ba zanen fure ne yake fara jan hankalinta ba. Takan ɗaga yadin ta kalli haske ta cikinsa, ta ga ko saƙar tana da ƙofofin da iska za ta ratsa. Takan dunƙule gefensa a tafin hannu ta saki: auduga tana riƙe yamutsewa, roba kuwa sai ta miƙe sumul kamar ba a taɓa ta ba. Idan har yanzu zuciyarta ba ta kwanta ba, sai ka ji ta ce, “Alhaji, don Allah a ɗan yanko mini bakinsa kaɗan.” A gida za ta kusantar da ƙyallen ga ashana. Auduga tana ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke wargajewa a yatsa. Roba tana narkewa, ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙulli mai tauri, da warin leda. Yadin da aka gauraya kuwa yakan nuna alamun duka biyun, kuma su ne suka fi yawa a kasuwa yanzu.

Dalilin wannan bin diddigi a bayyane yake. Auduga tana iya riƙe danshi kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta ba tare da an ji ta jiƙe ba, zaren foliyesta kuwa, wanda muke kira roba, bai kai kashi 1 ba. Wato auduga tana tsotse gumi daga fata ta miƙa wa iska, ita kuwa roba idan an saƙa ta da matsi sai ta bar gumin a inda yake. Shi ya sa boyel na auduga da atamfa ta asali marar nauyi suke kan gaba wajen ɗinkin bazara. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda neman auduga zalla ya zama aiki a ƙasar da auduga ta yi wa suna. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, suna cin audugar Funtuwa da Gusau. Yau mafi yawansu a rufe suke, yadin da ya cika rumfuna daga Sin ake shigo da akasarinsa, kuma rubutun da ke bakin yadi ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Ashana dai ba a yi mata wayo.

Sai wanki. Sabon yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, kuma yana zuwa da sitatin masana'anta da ke sa shi tauri. Mai gaggawa za ta yanka a haka, rigar ta yi mata daidai ranar farko, bayan wanki ɗaya ta ɗage. Gwana takan jiƙa yadin, ta wanke, ta shanya a inuwa, ta goge, sannan ta ɗauko alli.

Awo kowa ya iya. Tef ne a zagaya ƙirji, a auna kafaɗa zuwa kafaɗa, a auna damtse, a auna tsayi. Inda gwaninta take shi ne sanin abin da za a ƙara a kan awon, domin rigar bazara tana bukatar fili tsakaninta da fata inda iska za ta kewaya. A ce ƙirjin mace inci 38 ne. Rigar da aka yanka a 38 cif ba za ta bar ta ta ja numfashi ba. Sai a ƙara inci 4 zuwa 6, a ce 6, ya zama 44. Da yake ana ninka yadin gida huɗu kafin a zana, sai a raba 44 gida huɗu, a sami 11, a ƙara rabin inci na ɗinki, a sa alli. Lissafin ke nan, kuma yarinyar firamare ma za ta iya shi. Amma shin 4 za a ƙara ko 6? Wannan ya danganta da yadin, domin boyel mai laushi yana zubowa a jiki ko an ƙara masa da yawa, atamfa mai ɗan tauri kuwa idan ta yi yawa sai ta tsaya ƙiƙam. Ya kuma danganta da mai rigar: a ɗakin girki take wuni, ko a aji gaban allo, ko tana shayarwa, ko kullum da hijabi a kai har ƙasa, wanda shi kansa wani rufi ne da ke tare iska. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tela, komai ƙwarewarsa, yana ganin mace ne na 'yan mintuna da tef a hannu, wani lokaci ma tsohuwar riga kawai ake aika masa. Ita kuwa ta san kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka, ta san damtsenta ya fi yadda ƙirjinta yake nunawa, ta san a ina gumi yake fara tsattsafo mata.

Da yawa daga cikinsu ba daga lissafi suka fara ba. Tsohuwar rigar da suka fi jin daɗinta suke ɗauka idan ta mutu, su farke ta ɗinki bayan ɗinki da reza, su goge kowane yanki ya kwanta, su shimfiɗa a kan takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida, su zana gefensa. Wannan takarda ita ce jarinsu. A kanta ake rubuta “gaba”, “baya”, “hannu”, a ja kibiya mai nuna tsayin yadi, a naɗe a ajiye a ƙarƙashin katifa ko cikin aljihun keke.

Kibiyar nan tana da muhimmanci. Kowane yadi saƙa ce ta zare biyu, na tsaye da na kwance, kamar yadda masaƙanmu suke ja da zare su ratsa da abawa. Idan ka ja yadi ta tsayinsa ba ya miƙewa, ta faɗinsa yana ɗan ba da kai, idan kuwa ka ja shi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa sai ya miƙe sosai. Rigar da aka yanka ba bisa layin zare ba takan murɗe bayan wanki, ɗinkin gefe ya dawo gaba, kuma babu gugar da za ta gyara ta. Atamfa tana ƙara wani sharaɗin, domin da yawa an tsara zanenta ne don ɗaurin zani, furannin suna kallon bakin yadi. Dole mai yanka ta duba kada tsuntsun zanen ya kife kansa ƙasa, ta kuma duba kada wata ƙatuwar da'ira ta faɗo daidai kan ƙirji ko kan ciki. Takan ɗauki yadin ta kara a jikinta gaban madubi, ta matsa shi sama ta matsa ƙasa, sai ta ga inda zanen ya zauna da mutunci. Yadi biyu sukan isa riga, don haka daga turmi mai yadi 6 ana fitar da zani da riga da ɗankwali, har a sami ragowa.

Keken kansa, wanda mutane suke ɗauka shi ne sana'ar, ba shi da wuyar fahimta. Zare biyu yake aiki da su, na sama da ke cikin allura da na ƙasa da ke naɗe a ɗan kwarkwaro. Allura ta huda yadi ta kai zaren sama ƙasa, wata ƙugiya ta kama shi ta zagaya da shi ta bayan na ƙasa, allura ta ɗago, su sarƙe. Elias Howe ne ya yi rajistar keke mai irin wannan ɗinki a Amurka a 1846, Isaac Singer ya yi rajistar nasa a 1851, shekarar da Barth yake yawo a kasuwar Kano. A wancan zamani ɗinkin riguna a ƙasar Hausa aikin maza ne, da allura a hannu, mata kuma suna kaɗi. Sai da baƙin keken nan mai zanen zinariya, Singer ko Butterfly na birnin Shanghai, ya shiga ɗakunan mata, sannan mace ta sami damar yanka ta ɗinka a tsakar gidanta. Har yau keken ƙafa yana da wata daraja da na lantarki ba shi da ita a garuruwanmu: an ɗauke wuta ko an kawo, shi dai a ba shi ɗigon mai, a taka.

Gwana ba ta sa rigarta ƙarƙashin allura sai ta gwada a ƙyalle. Tana duba inda zaren biyu suka sarƙe. Idan ƙullin ya ɓuya a tsakiyar yadin, ɗinki ya yi daidai a fuska biyu, to keke ya daidaita. Idan zaren sama yana yin lauje-lauje a ƙasa, ya yi sako-sako, a ɗan ɗaure shi. Idan yadin yana tattarewa a bayan allura, ya yi tsauri, a sassauta. Allura ma da lambarta: 11 ga boyel da yadi marar nauyi, 14 ga atamfa, 16 sai mai kauri. Allura mai kauri a kan boyel tana barin huji, wadda ta dakushe kuwa tana jan zaren yadi ta ɓata shi. Ɗinki 10 zuwa 12 a kowane inci ya wadatar.

Bakin ɗinki na ciki fa? Teloli sukan kai shi keken wibin ya naɗe gefen don kada ya zare, kuma yana da sauri. Amma zaren wibin roba ne, idan gumi ya haɗu da shi yakan yi ƙaiƙayi a gefen jiki. Masu ɗinka wa kansu da yawa sun fi son ɗinki mai ɓoye baki. A haɗa yankuna biyu fuskokinsu na waje suna kallon waje, a ɗinka siriri, a rage gefen da almakashi, a juya, a goge, a sake ɗinkawa ta ciki yadda ɗinki na biyu zai haɗiye bakin na farko. Aiki biyu ne a wurin aiki ɗaya. Sakamakonsa riga ce da idan ka juya cikinta ba za ka ga zare ko ɗaya yana reto ba, kuma za ta sha wanki shekara da shekaru ba ta farke ba.

Wuya shi ne jarrabawa. Da zarar an yanke zagayen wuya, wani sashensa ya faɗa a layin karkace, wato yana shirye ya miƙe da ɗan ja kaɗan. Saboda haka kafin komai ake bin gefensa da ɗinki ɗaya don a tsare shi. Sannan a yanko siririn ƙyalle mai faɗin inci ɗaya da ɗan ɗoriya, a karkace, domin shi kaɗai ne zai yarda ya bi lanƙwasa ba tare da ya tattare ba. Na ga wata dattijuwa a unguwarmu tana koya wa 'yar ƙaninta wannan aiki a kan tabarma, keken hannu a gabansu. Yarinyar ta ɗinka ƙyallen, ta juya shi ciki, sai wuyan ya tashi tsaye ya ƙi kwanciya. Ta ce, “Gwaggo, na bi yadda kika ce, amma ya ƙi.” Tsohuwar ba ta karɓi rigar ba. Ta ce, “Kawo hannunki, 'yar nan.” Ta ɗora yatsun yarinyar a kan ƙyallen, ta ɗora nata a kai, ta ja shi kaɗan, ɗan ja da ido ba zai gani ba. “Kin ji? Shi za ki ja, ba rigar ba. Rigar ki bar ta ta huta.” Ƙyallen da aka ɗan ja yana gajarta fiye da wuyan, idan aka juya shi sai ya jawo bakin wuyan ya kwantar da shi a ƙirji. Bayan haka ta nuna mata yadda ake tsattsaga bakin ɗinkin da kan almakashi a inda lanƙwasar ta yi tsanani, ana tsayawa gab da zare ba a taɓa shi ba. Wannan ɗan ja, babu tef ɗin da yake auna shi. A yatsu yake zama, kuma sai an ɓata wuya da dama a tsofaffin zannuwa kafin ya zauna.

Akwai kuma hammata, inda rigunan kanti suka fi gazawa. Mace tana ɗaga hannu sau ba adadi a wuni: shanya, daka, sauke tukunya daga kanta, ɗaukar yaro, kabbara. Idan an matse ramin hannu, riga za ta ci hammata. Idan kuma an zurfafa shi ba tare da dabara ba, duk ɗaga hannu sai rigar gaba ɗaya ta biyo shi sama. Maganin da masu ɗinkin hannu suka sani tun da daɗewa shi ne ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, kamar inci 3 ko 4 kowane gefe, a dasa shi a mahaɗar hannu da gefen riga. Da yake a karkace yake zama, yana buɗewa idan hannu ya tashi, ya naɗe idan ya sauka. Buba ta Yarabawa, wadda matanmu suka daɗe da karɓa, ta bi wata hanyar: hannu mai faɗi da aka yanka miƙe, iska tana shiga ta nan ta fita ta wuya. Kowace ka zaɓa, sai a ƙara 'yar tsaga a gefe biyu na ƙasa don zama da tashi, a kalmashe bakin rigar siriri.

Duk wannan aiki, dutsen guga yana gefe da zafinsa, na gawayi ko na lantarki. Kowane ɗinki ana goge shi kafin wani ya ratsa ta kansa. Wadda ta bar guga sai ƙarshe za a gane a rigarta.

Ba ina cewa a bar teloli ba. Tela gwani ne, kuma akwai ɗinkin da sai shi: rigar amarya, babbar riga, aikin da ke son keke na musamman. Amma idan azumi da ƙaramar Sallah suka faɗo a tsakiyar zafi, sai ka tarar shagonsa ya cika da kayan Sallah har rufi, yana kwana a kan keke. Wa zai kai masa yadi biyu na boyel ya ce a yi ɗinki mai ɓoye baki, a dasa ƙyalle a hammata, kada a sa shafi? Ko ya karɓa, kuɗin da za a biya shi bai kai lokacin da aikin zai ci ba, kuma abin da yawancin masu kawo masa ɗinki suke nema shi ne rigar da za ta kama jiki ta yi kyau a hoto. Rigar da ake so don jin daɗin jiki kawai, wadda ba mai ganinta sai mutanen gida, mai ita ce kaɗai take da dalilin ba ta wannan haƙuri.

Daga takarda ɗaya kuma riguna suke yaɗuwa. Wannan a yi mata wuya zagayayye, waccan mai tsini, wata a buɗe gabanta da maɓallai uku saboda shayarwa, wata a tsawaita ta zama doguwar riga. Ragowar atamfar bara ta zama bakin wuyan farin boyel na bana, ƙyallayen da suka rage su zama rigar jaririya. Kowace riga ana sa ta wuni guda cur kafin a yanka ta gaba, domin jiki ya faɗi ra'ayinsa. Gwana tana karanta tattarar da ta fito: layin da ya ja daga hammata zuwa ƙirji yana nuna wurin ya matse, yadin da ya taru a bayan wuya yana nuna kafaɗar tana son a ƙara mata gangara. Sai ta warware takardar simintin, ta manna mata ƙarin rabin inci a nan, ta rage kwata a can, ta rubuta a gefe irin yadin da ta yi amfani da shi. Riga ta huɗu ko ta biyar daga wannan takarda takan zauna a jikinta yadda ba ta taɓa samu a kanti ba. Idan kuma hammatar ta ci bayan bazara biyu, domin nan ne gumi da gogayya suke fara cinye yadi, sai ta farke ɗan ƙyallen nan kaɗai ta dasa sabo daga ragowar da ta adana.